Ranku Ya Daɗe, Gatan Almajirai

Allah ya ja zamanin gwamnoninmu na Arewa, bajimai gagara gasa, iyayen marayu, inuwar wanda rana ta dama, waɗanda a zama ɗaya suka kashe matsalar da ta gagari Bature, ta gagari soja, ta gagari farar hula. Ranar 21 ga Afrilun 2020, kwana goma da ɓullar korona a Kano, ƙungiyarsu ƙarƙashin jagorancin Simon Lalong na Filato ta yanke hukuncin da ya cancanci rubutu da ruwan zinare: an soke almajirci, kowane yaro ya koma garin ubansa. A wasu ƙasashen da Allah bai hore wa irin wannan basira ba, idan yaro zai bar hannun masu riƙonsa sai a tsaya ɓata lokaci ana tambayar inda zai kwana da abin da zai ci da wanda zai riƙa leƙa shi. Zaratan namu suka taƙaita duk wannan dogon turanci cikin mota guda da cikakken tankin mai.

Dubi kuma iya zaɓen lokaci. Likitoci na ta roƙon a ba da tazara, kasuwanni a rufe, azumi ya kama, gwamnatin tarayya ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Attajiri ya zauna a gida, malamin jami'a ya zauna a gida, amma kolo ɗan shekara bakwai aka ɗaga darajarsa ya keta jiha uku da rakiyar jami'an tsaro, allonsa a hammata, robarsa a kan cinya, gwiwarsa manne da ta ɗan'uwansa don kada annoba ta raba zumunci. Wane ɗan sarki ne ya samu wannan alfarma a shekarar?

Ba a kuma bari sun koma gida hannu rabbana ba, don hakan abin kunya ne ga mai masauki. Cikin yara 169 da aka gwada a Kaduna bayan an kawo su daga Kano, 65 na ɗauke da cutar. A Jigawa aka gwada 168, aka samu 91. Tsaraba ke nan har ƙauyen da bai taɓa ganin likita ba. Yaba kyauta tukwici, sai jihohi suka shiga musayar yara cikin girma da arziki. Kaduna kaɗai ta ce ta sallami fiye da 30,000. Taraba kuwa, saboda kawaici irin na manya, ta ƙi karɓar waɗanda Nasarawa ta aiko mata, ta ce a mayar.

Inda hikimar ta kai maƙura shi ne kan manyan cikinsu. Ga gardi da aka kawo tsangaya yana yaro, yau ya doshi ashirin, ya sauke ko yana dab da sauka, yana ci da kansa da wankin hula ko yankan farce ko turin kurar ruwa, duk wanda ya sani a duniya yana unguwar malaminsa. Sai aka ɗauke shi cak, aka dire a sakatariyar ƙaramar hukuma, aka danƙa wa hakimi, hakimi ya danƙa wa dagaci, dagaci ya danƙa wa uban da tun farko rumbunsa ne ya ƙare ya tura shi birni. Akasarinsu ba a zubar musu da mutunci da jari ko keken ɗinki ko gurbin makaranta ba, don shugaba nagari ya san tallafi na kashe zuciyar matashi. Shi ya sa aka killace buhunan shinkafa da katan-katan na taliya na tallafin korona a rumbunan ajiya cikin amana, har watan Oktoba, lokacin da wasu marasa haƙuri suka fasa ƙofofi a Jos da Kaduna suka ɓata wannan kyakkyawan tanadi.

Masu hassada na cewa da aka ɗage kulle yaran sun dawo, wai ga su nan a danja da tashar mota da ƙofar gidan abinci. Wannan ai shaida ce ta ƙaunar da ke tsakanin talaka da shugabansa, ka kai shi nesa ya dawo da ƙafarsa. Ga shi a 2023 an kafa wa almajirai hukuma sukutum ta ƙasa, da shugaba da ofis da hatimi. Dokar 2004 da ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta kuwa ana ririta ta, ba a yarda ta sha wahalar aiki ba.

Muna roƙon fadar shugaban ƙasa ta ba waɗannan gwaraza lambar girmamawa ɗaya bayan ɗaya, a kuma ware kuɗi a kasafin baɗi don gyaran motocin, kada wata annobar ta zo ta same mu ba shiri.