Ɗaliban Ajin Intanet, Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Duk inda aka buɗe ajin koyon intanet, ko a shagon kwamfuta na bakin titin Boɗinga ko a ajin sakandare da aka ara a Shagari, sanarwar iri ɗaya ce: na sababbin shiga ne, waɗanda ba su san komai ba. Ranar farko kuwa sai a nemi sabon shiga a rasa. Kowa da wayarsa a aljihu, wani ma biyu, kuma ba sha'awar ilimi ce ta kawo yawancinsu ba, larura ce ta koro su. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ake ƙara wa talaka lambobi. An kawo BVN a 2014, hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta ɗungurungum a 2015, a Disambar 2020 kuma aka ce duk layin da ba a haɗa da NIN ba, zai sha rufewa. Kowace doka ta haifi irin ɗalibinta, ga su nan sun cika benci.

A sahun gaba akwai Alhaji dillalin albasa. Shi canjin kuɗi ne ya kawo shi. Da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, mutumin da ya saba lissafi da damin kuɗi a aljihun 'yar ciki ya wayi gari yana jiran alat. Tun daga lokacin yake hannun yaron shagonsa da mai POS, abin kuma yana ci masa rai. Buƙatarsa ɗaya tak: ya iya duba ko kuɗi sun shiga ba tare da kowa ya leƙa masa ba. Matsalar ita ce Alhaji bai ɗauki lambar sirri a matsayin sirri ba. Malam na cewa kowa ya zaɓi lambobi huɗu a zuciyarsa, Alhaji zai ɗaga murya: "Malam, in sa ɗaya, biyu, ukku, huɗu? Ita ad da sauƙin riƙewa." A ce masa a'a, sai ya sa shekarar da ya sauke farali, wadda duk kasuwa ta sani. Kafin a tashi, aji duka ya haddace lambar, ban da mai ita.

Kusa da shi ɗan JAMB ne, daga Danchadi ko Dingyaɗi, ya zo a bayan babur ɗin yayansa. A waya babu mai kamo shi. Da babban yatsa ɗaya yake hira da mutum biyar, yana kallon Izzar So a YouTube, yana gardamar ƙwallo a Facebook. Amma a ajiye shi gaban kwamfuta a miƙa masa maus, sai ya riƙe shi kamar wanda aka ba kunama ajiya. Yakan ɗaga shi sama yana nuna fuskar kwamfutar da shi, in bai ga motsi ba ya sa yatsa yana goge gilashin. Saboda irinsa ne JAMB ta tsara yadda za a iya gama jarrabawa da 'yan madannai kawai: A, B, C, D na zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya, S a miƙa. Ranar da aka gaya masa haka, ransa kan yi fari ƙal, ya kuma yanke hukuncin cewa ya gama kwas.

Sai Injiniya. Ba wanda ya ba shi wannan suna sai kansa. Yana da rumfar cajin waya da tura fina-finai, ya iya Xender, ya iya cire kati ya mayar. Bai zo koyo ba, ya zo ya ga ko malamin ya iya. Ana kan darasi na ɗaya yana kan na bakwai, yana danne-danne, har kwamfutar ta daskare ta ƙi gaba ta ƙi baya. Nan zai jingina da kujera ya ce, "Sistem ɗin ga na da bairos." A gaskiya akwai amfaninsa, don shi kaɗai ya san yadda ake tayar da janareto in an ɗauke wuta. Illarsa ita ce taimako: in maƙwabcinsa ya maƙale, ba zai nuna masa ba, sai ya karɓe ya yi masa cikin daƙiƙa biyar. Rabin mutanen unguwarsu da imel ɗin da Injiniya ya buɗe musu suke yawo, kalmar sirrin kuma tana kansa shi kaɗai.

Ɗan mainin, mai haƙar kuɗin intanet, ba ya ɓata lokaci. Tambayarsa ɗaya ce tun daga gabatarwa: a ina ake samun dala? Shi ne ya kwashe watanni a 2024 yana dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat, a majalisa, a layin mai, har a zaman ɗaurin aure. Da aka yi rabon ladan wasan a ƙarshen Satumbar shekarar, da yawa suka yi kukan abin bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Bai karaya ba. An ba shi labarin MMM, harkar zuba kuɗi da ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, an tuna masa CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, amsarsa ba ta canzawa: waɗancan ba su shiga da wuri ba ne.

Akwai mai mantuwa, wanda ke da shafin Facebook biyar, duk da hotonsa, babu wanda yake iya shiga.

Akwai kuma Baba mai turawa, ma'aikacin da ya yi ritaya, mutumin kirki wanda ya ɗauki WhatsApp a matsayin hanyar sada zumunci da neman lada. Duk abin da ya shigo wayarsa amana ce sai ya isar: maganin hawan jini da ganyen mangwaro, data kyauta daga wani attajiri, tallafin gwamnati ga wanda ya cike fom ya sa BVN. In saƙo ya ce a tura wa mutum goma, Baba kan tura wa talatin don kada a samu giɓi. Ya manta cewa ta irin wannan hanya ce a Agustan 2014 jita-jitar Ebola ta tashi mutane tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har wasu suka kwanta asibiti. In malam ya nuna masa saƙon ƙarya ne, yakan yi shiru, sannan ya ce ai wanda ya turo masa mutumin kirki ne, tare suka yi aiki.

Maganin Baba yana zaune a bencin baya, da rawani da ɗan littafi. Malamin zaure ne, almajiransa suka matsa masa ya zo don ya riƙa sauke littattafai da sauraron karatu. Duk abin da aka faɗa sai ya rubuta da ajami, daga "kunna" har "kashe", kuma ba ya danna komai sai ya san abin da zai biyo baya. Injiniya na yi masa dariya. Amma wannan ƙasa ce da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma yana Boɗinga, kuma dattijon ya gaji tarbiyyar da ba ta karɓar magana sai da asalinta. In an nuna masa labari a waya, tambayarsa uku ce: "Wa yaf faɗi? Ina yas samo? Shi kau wa yag gaya mai?" Darasin gane labarin ƙarya, wanda malamin aji ya tanadi mako guda dominsa, dattijo ya zo da shi daga gida. Wahalarsa kawai imel. Har yanzu bai gamsu da yadda wasiƙa za ta isa Makka kafin ya ajiye yatsa ba, kuma yana son a gaya masa a hannun wa take kwana.

Wadda ta fi kowa cin ribar kwas ɗin ba a cika jin muryarta ba. Hajiya ce mai sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida, ta zo da goyo da ƙaramar Tecno mai fasasshen gilashi. Ba ta damu da tarihin kwamfuta ba. Tana so ta san yadda za ta ɗauki hoton kaya ya fito da kyau, yadda za ta bambance alat na gaske da na 'yan damfara, da yadda za ta hana yara cinye mata data. Da an nuna mata sau ɗaya ta kama. Rubutu na ba ta wahala, don haka da saƙon murya take ciniki, kuma kafin mako ya zagayo ta sayar wa matar Alhaji turmi biyu, kuɗin sun shiga ta taransifa, ita ce ma ta nuna wa Alhajin inda zai danna.

Malamin ajin ma nau'i ne. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, mai haƙuri da ƙwazo, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ba kuɗi" ba. Yakan fara da Charles Babbage da ma'anar kwamfuta da Turanci, yana rubutawa a allo, Alhaji na gyangyaɗi. A garin da ya haifi Shehu Shagari wannan abin takaici ne kaɗan, don kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, kuma da waƙar Hausa ya koya wa yara labarin ƙasar Najeriya. Aji kan farfaɗo ne ranar da malam ya ajiye allo ya ce kowa ya fito da wayarsa ya danna *346# ya ga lambarsa ta NIN. Nan take har mai gyangyaɗi zai miƙe.

Na ƙarshe ba a ganinsa sai sau biyu. Ranar buɗewa yakan zo ya tambaya ko akwai alawus da kuɗin mota, ko za a raba kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai kuma ranar rufewa, da sabuwar shadda da hula, ya tsaya a tsakiyar hoto ya karɓi satifiket. Daga nan zai ja Injiniya gefe ya ce ya taimaka ya ɗora masa takardar a shafin neman aiki, don shi harkar intanet ɗin nan ba ta shige masa ba. Injiniya kan caje shi naira ɗari biyar, kuɗin data daban.