'Yan Ƙwallon Juma'a a Sabha

Mai neman tarihin ƙwallon ƙafa a Sabha zai fara da Sharara da Kurdabiya, ƙungiyoyin garin da suka taɓa hawa babbar gasar Libiya. Waɗannan suna da ofis da hatimi da ranar kafuwa. Kulob ɗin da nake nufi ba shi da ko ɗaya daga ciki. Na 'yan ci-rani ne, Hausawan Nijar da Najeriya masu aikin gini da gareji da gona, waɗanda ke haɗuwa bayan la'asar ranar Juma'a a wani fili mai yashi a bayan unguwa. Ka zaga Gurda ko Mahadiya ko Tayuri, ba za ka rasa irinsa ba. 'Yan wasan suna sauyawa duk sa'ad da motocin Agadas suka sauke lodi, amma halayen suna nan daram, sai dai sabon zuwa ya gaji na wanda ya wuce.

Akwai Wanda Ya Kafa, kuma su uku ne. Na farko ya ce tun Gaddafi na kan mulki shi ya share filin. Na biyu ya ce filin banza ne in ba ƙwallo, shi kuwa ya sayi ta farko bayan faɗan 2012, da jama'a suka sake fitowa. Na uku ya ce duk wasan yara ake yi har 2019, shekarar da sojojin Haftar suka shigo gari, lokacin da ya haɗa turakun raga da ragowar rodin wani gini. In ka lura da kyau, kowannensu ya ɗora kafuwar kulob a kan shekarar da shi ya sauka a Sabha. Ba sa zama inuwa ɗaya, sai ranar da wani na huɗu ya taso da nasa labarin, ranar ce kawai za ka ga sun haɗa baki.

Sai Ma'aji. Yana da littafi mai ɗaurin roba, kuma ba mahaluƙin da ya taɓa ganin cikinsa. Duk Juma'a yana bin mutane da "Malam, dinarinka biyu," ko kana cikin ɗaure takalmi. Ka tambaye shi kuɗin sabuwar jesi, sai ya girgiza kai ya ce ai kowa ya san bankunan Libiya ba tsabar kuɗi, layi ake kwana. Gaskiya ne, sai dai kuɗin kulob bai taɓa taka ƙofar banki ba, yana cikin gwangwanin madara. Shi ya sa muke fita fili ɗaya da rigar Barcelona, ɗaya da ta Ahli ta Tarabulus, wani da ta Mena ta Nijar, wani da singileti. Ana haƙuri da shi ne domin wanda ya riga shi riƙon gwangwanin ya wuce Tarabulus da daddare bai yi sallama ba.

Tsohon Ɗan Pillars shi ne abin kallo. Da Ahmed Musa suka yi atisaye a Kano, in ji shi, kafin Ahmed ya tafi Holan a 2010, har koci ya fi son ƙafarsa ta hagu. Ina hoton? Yana cikin wayar da ta faɗi tsakanin Dirku da Madama. Katin ɗan wasa fa? An karɓe a shingen Tummo. Allah Ya yi wa Sahara albarka, ta rufa wa mutane da yawa asiri. Minti goma na farko yana taka leda ba laifi, daga nan sai ya dafa ƙugu ya ce yashin Fezzan ba irin na gida ba ne, yana shan ƙafa.

Abokin hamayyarsa Ɗan Gobe ne, mai buga gaba. Gobe zai wuce Italiya, kuma goben nan ta ga azumi da yawa. Ba ya shiga cunkoso, ba ya sa kai, domin ƙafar tasa ajiya ce ta Napoli. An gaya masa ko Sa'adi ɗan Gaddafi, da duk dukiyar gidansu, da ya je Perugia a 2003 sau ɗaya ya buga musu wasan gasa, ya ce ai Sa'adi ba ya da gudu. Mu dai hankalinmu a kwance yake da shi. Masu tafiya da gaske ba sa shela. Wata Juma'a kawai za a ƙirga a ga goma, a tambayi ɗan ɗakinsu, ya ce ya bi ta teku, ko kuma an kama shi ana neman kuɗin fansa. Ranar Ma'aji kan buɗe gwangwanin ba tare da an roƙe shi ba, wannan kam na shaide shi.

Koci bai taɓa buga ƙwallo ba, usur ya saya. Dabararsa daga talabijin ɗin gidan shayi take, kuma da yake wuta kan ɗauke ana tsakiyar wasa, rabin farko kaɗai ya iya. Gola kuwa ma'aikacin gidan burodi ne da ke kwana a bakin tanda, don haka jingina da turke yake yi, a farkar da shi in za a buga kwana.

Haji shi ne uban kulob. Ɗan ƙasa ne, haifaffen Fezzan, da Hausar da ya tsotsa wurin kakarsa mutuniyar Gat, irin ta zamanin da ayari ke tashi daga Murzuk zuwa Kano. Yakan zo da tabarma da butar shayi mai kumfa da gyaɗa, ya kira kowa "ɗana". Kuɗin shayin shi ne ka saurari labarin 1982, yadda Libiya ta karɓi gasar Afirka ta kai wasan ƙarshe a Tarabulus, Ghana ta doke ta a fenariti bakwai da shida. Sai ya kurɓa, ya kawo na 2014 a Afirka ta Kudu, inda Libiya ta rama a kan Ghanar, a fenaritin dai, ta ɗauki kofin 'yan wasan gida. Yakan rufe da cewa Najeriya ta uku ta zo, yana kallon Kanawa. A Oktoban 2024, da aka karkatar da jirgin Super Eagles zuwa filin Abrak suka kwana kan kujeru, hukumar ƙwallon Afirka ta ba Najeriya ci uku da nema ta kuma ci Libiya tara, sai Haji ya zo da shayi ya zuba wa mutanen Damagaram da Tawa, ya ce wa 'yan Najeriya sukari ya ƙare. Mako biyu ana biko. 'Yan Nijar ne suka shiga tsakani, shayinsu a hannu.

Rafali muna da shi, amma ainihin mai tashin wasa Mai Kunne ne. Ya daɗe a gari, ya san muryar kowace bindiga. In aka ji ƙara daga nesa, 'yan wasa ashirin da biyu sukan tsaya cak su dube shi. Ya karkata kai ya ce, "Biki ne, ku ci gaba," sai a ci gaba. In ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinsa, ba mai jiran usur. An lura dai kunnen ya fi jin faɗa in ana cinmu biyu da nema.

Mai Waya ba ya bugawa, ba ya biyan dinari biyu. Ana tashi zai ari rigar kyaftin, ya taka ƙwallo da ƙafa ɗaya, ya ce wa yaro, "Ƙanena, ɗauke ni, kada raga ta fito, ta yage." Da dare hoton ya isa Tasawa ta WhatsApp. Kwanan baya surukinsa ya aiko da saƙon murya yana cewa tunda yanzu Allah Ya ɗaukaka shi a ƙwallo, a ƙara abin da ake turowa duk wata.