Ma'abota Wasa Ƙwaƙwalwa a Ƙofar Kibo

Duk wanda ya saba zama a majalisun Ƙofar Kibo tsakanin La'asar da Magariba, sa'ad da ɗaliban nahawu da lugga, fannonin da birnin Zazzau ya shahara da su tun kaka da kakanni, kan baje abin da suka ɗauko a zaure, ya san babu mai tona asirin ɗabi'ar ɗan Adam kamar mas'ala mai harshen damo. Galibi daga Muƙamatul Hariri ake tsamo ta, littafin malamin Basra da ya rasu a 1122, wanda a muƙama ta 32 ya jera mas'alolin fiƙihu 100, kowace da zahiri da baɗini.

Akwai mai garaje, wanda kan yanke fatawa tun mai tambaya bai kai aya ba, in kuwa aka kama shi, sai ya gyara rawani ya ce ai mas'alar akwai saɓani tsakanin Basrawa da Kufawa, alhali malaman nan, Allah Ya ji ƙansu, ba su san ana yi ba.

Akwai mai tasbaha, wanda kan runtse ido yana gyaɗa kai har jawabi ya fito daga bakin wani, sannan ya ce, "Madalla, ɗana, dama jarraba ku nake yi." Maƙwabcinsa kuwa uzurin kama ruwa kan taso masa daidai lokacin da mas'ala ta yi tsauri, ya dawo da ilhami, gefen sharhin da Sharishi ya yi wa littafin Hariri na leƙowa daga aljihunsa.

Ɗan boko yana gefe da jaridar Turanci, yana fama da wasan cike gidajen haruffa da aka fara bugawa a New York a 1913. Da biro yake rubutu don alfahari, in kalma ta fi gidaje tsawo ya cusa harafi biyu a gida guda, ya ɗora wa maɗaba'a laifi.

Ni dai wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne wani dattijo da bai taɓa warware ko ɗaya ba, wanda da ya ji tambaya sai ya bi al'adar kacici-kacici ya ce ya ba da gari. Ya ba da Kano, ya ba da Katsina, ran nan har Istanbul ya kyautar, amma har yau ba a ji ya ba da Zariya ba.