Lemon da ya haɗa ni da surukina

Da yamma a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, idan kaya suka fara laushi, mai sayarwa ne ke roƙon mai saye. A haka na kwaso mangwaro da abarba da gwanda, da wata kankana da aka rantse mini cewa tsagewa kawai ta yi a mota. Muka sha, maƙwabta suka sha, saura ya cika kwando. Ga shi watan Afrilu, zafi ya kai digiri 40, ƙuda har sun fara kafa sansani.

Uwargida ta ce a zuba wa awaki. Na ce Allah ya sawwaƙe. A otal fa yankan kokwamba da na lemo ake jefawa a kofi, a ce Chapman ne, a karɓe maka kuɗin cefanen yini guda. Ni da nake da kayan a gida?

Na jawo bilenda. Ba wanda ya gaya mini da ita aka markaɗa kayan miya da safe, don haka zubin farko ya fito da ƙamshin albasa da yajin attaruhu. A zubi na biyu na haɗa abarba da madara. Kafin in wanke kofuna ya tsinke, ya yi ɗaci. Ashe ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da madara, ɗan uwan wanda ke sa ɗanyar gwanda ta tausasa nama. Autarmu ta kurɓa, ta dube ni, ta ce, "Baba, waye ba shi da lafiya?"

Na uku kam ya yi. Mangwaro, kankana, citta, na'a-na'a, sai sukari da ban yi masa rowa ba. Na ɗura a gorunan roba, na murɗe marafan da ƙarfina, na jera a firji. A daren aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai bayan kwanaki. Firji ya koma akwati mai ɗumi, yis ɗin da ke zaune a jikin kayan marmari ya samu sukari da zafi, ya kama aikinsa: iska a sama, barasa a ƙasa. Na ga gorunan sun kumbura, na ɗauka albarka ce.

Ranar Juma'a sai ga surukina, limamin unguwarsu, cikin farar shadda da ta sha bugu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga wani lemo na haɗa da hannuna." Ina murɗa marfi gorar ta yi tsaki, sannan ta yi feshi tun daga gemunsa har aljihun gaba. Marfin kuwa har yau ana nemansa. Falo ya ɗauki warin gidan burkutu.

Dattijon bai ce uffan ba. Ya sunsuna hannun rigarsa, ya yi salati, ya kira 'yarsa.

"Tun yaushe ya fara?"

"Wallahi Baba, mangwaro ne."

"Haka suke cewa," in ji shi.

Da rigata ya tafi masallaci, ta tsaya masa a gwiwa. Wani abokina da ya yi sallah a can ya ce huɗubar ranar kacokan a kan kayan maye aka yi ta, har da jan kunnen iyaye su riƙa bincike kafin su ba da 'ya'yansu aure.