Kowa Da Irin Dannawarsa

Duk ofishin da ke tara alƙaluma a yau, daga ma'aikatun lafiya zuwa kamfanonin taki da ƙungiyoyin agaji, ya mallaki abin da ake kira dashbod: shafi guda a kwamfuta mai nuna lambobi da zane-zane, a ga abin da aka sayar ko yaran da aka yi wa rigakafi ba sai an buɗe fayil goma ba. A da shafin a sandare yake, abin da mai haɗa shi ya ga dama shi za ka gani. Sai aka kawo filta, wasu 'yan madannai a gefe ko a sama. Ka danna jiharka ka ga nata kaɗai, ka danna Yuli ka ga na Yuli. Microsoft ta sa irin waɗannan madannai a Excel tun 2010, Power BI na haɗa dashbod ya shigo kasuwa a 2015, kamfanin Tableau mai irin wannan sana'a kuwa tun 2003 aka kafa shi. Niyyar mai kyau ce: kowa ya yi wa bayanai tambayarsa da hannunsa, yaron kwamfuta ya huta da aike. Abin da ba a sa a lissafi ba shi ne masu hannun.

A fara da Oga, tunda girmansa ne. Shi ya ba da umarnin a sa filta, kuma ba ya son a rage masa ko ɗaya. "Ina son na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, na jinsi, na shekaru, na wata, na mako. A zuba duka." A yi kwana da kwanaki ana aiki. Ranar da aka tura masa adireshin shafin sai ya ce lambar sirrinsa ta shige masa. A yi masa sabuwa, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Daga ƙarshe ya yanke hukunci: "Kai dai ɗauki hotonsa ka turo mini ta WhatsApp." In taron babba ne, a buga masa a takarda mai kala. Ga filta bakwai nan reras a gefen takarda, ba mai danna su har a naɗe ƙasa, amma cire ɗaya ka gani ko ba zai lura ba.

Sai Sarkin Mantuwa. Shi yana buɗe shafin, har ya iya dannawa, cirewa ce bai koya ba. Tun watan jiya ya zaɓi ƙaramar hukuma ɗaya don ya duba wani abu, ya rufe kwamfuta ya tafi gida. Power BI kuwa yana da wani ladabi da ke jawo masifa: yana riƙe wa mutum zaɓinsa na ƙarshe, in ya dawo ya tarar da shi yadda ya bari. To shi ne zai kira ka bayan sallar isha'i, murya na rawa. "Injiniya, an shiga uku. Alƙaluman jihar nan gaba ɗaya sun zube. Wa ya taɓa?" Ka ce ya duba sama ta hannun dama, akwai madannin da ke mayar da komai yadda yake tun farko. Shiru. Can sai ka ji, "To, sun dawo. Amma ku riƙa sanar da mutane in za ku yi gyara."

Ƙaninsa shi ne Mai Danne-Danne, wanda ba ya iya ganin madanni ya ƙyale. Ya zaɓi Jihar Katsina, ya gangaro ya zaɓi ƙaramar hukumar Dala, wadda duk duniya ta san a Kano take, ya ƙara da maza, ya ƙara da masu juna biyu. Shafi ya yi fari fat. Ya aika wa kowa da kowa saƙo cewa dashbod ya lalace. Maganinsa sananne ne: a ɗaure filtocin da juna, yadda in ka zaɓi Katsina ƙananan hukumominta 34 kaɗai za su bayyana a na ƙasa. In an yi masa haka sai ya dawo da ƙorafin an ɓoye masa Dala.

Waɗannan duk masu sauƙi ne, ba su cuci kowa ba sai barcin wani. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Mai Neman Kore. Wannan ya fi kowa iya filta a ofishin, har mai haɗa shafin yakan koyi wani abu a wurinsa. Ba ya zuwa da tambaya, da amsa yake zuwa, abin da yake nema shi ne hanyar da za ta kai shi gare ta. A ce shafin na rigakafi ne, irin wanda ake ciro wa bayanai daga DHIS2, manhajar nan da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda Najeriya da Nijar duk suke tara alƙaluman asibitocinsu a ciki. Ya buɗe ya ga allurar Penta ta uku ta yi ja, alamar an gaza. Bai ce uffan ba. Ya gyara zama, ya cire watannin damina, "saboda hanya ba ta biyuwa." Ja ya koma ruwan ɗorawa. Ya cire ƙananan hukumomi biyu, "saboda matsalar tsaro, ai kowa ya sani." Ya kusa. Ya cire asibitocin da ba su kawo rahoto a kan lokaci ba, "don a yi adalci." Kore shar. Nan take ya ɗauki hoto, ya datse gefen da filtocin suke, ya manna a rahoto. Kowane dalili da ya bayar gaskiya ne, kuma lambar da ya samu ba ƙirƙirarta ya yi ba, tana nan a cikin bayanan. Sana'arsa ɗaya da mai tumatir da ke jera jajaye masu ƙyalli a saman kwando: duk wanda ka gani tumatir ne na gaske, na ƙasan ne ba a gayyace ka ka duba ba.

Ranar farin cikinsa ita ce ranar da wata ƙaramar hukuma ta haura kashi 100. Hakan na faruwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Adadin yaran da ake sa ran yi wa allura ƙiyasi ne da ake ginawa a kan ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da Najeriya ta yi, mutane kuwa sun yi ta ƙaura suna hayayyafa ba tare da neman izinin ƙiyasin ba. Mai hankali in ya ga an yi wa yara fiye da waɗanda ake da su allura sai ya tambayi lissafin. Mai Neman Kore sai ya nemi a ba jami'in wurin takardar yabo. Ni a ganina, duk mai haɗa dashbod da bai sa shafin ya riƙa rubuta filtocin da aka danna a cikin kan zanen ba, inda almakashi ba zai kai ba, to da shi aka haɗa baki.

Abokin gabarsa a taro shi ne Ɗan Boko, wanda ya taɓa karanta labarin Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma ya ɗauki alkawarin ba zai bar kowa ya huta ba. A 1973 an ga jami'ar ta ɗauki kusan kashi 44 na mazan da suka nemi karatun gaba da digiri, mata kuwa kashi 35. Da aka rarraba alƙaluman sashe-sashe sai giɓin ya ɓace a yawancinsu, don matan sun fi neman sassan da ke da wuyar shiga ga kowa. Darasin na gaske ne: jimla na iya faɗin abu, rabe-rabenta su faɗi kishiyarsa. Matsalar ita ce ko lissafin kuɗin man janareta ake yi sai ya ɗaga hannu ya ce a tuna da Berkeley.

Akwai kuma Ɗan Excel, mutum mai aƙida. Ka nuna masa taswira mai motsi, ka nuna masa zanen da ke sauyawa da dannawa ɗaya, ya yi ta gyaɗa kai, sannan ya tambaya, "Ina wurin saukewa?" Ya kwashe komai ya mayar Excel, ya sake tacewa da hannu, ya tara da SUM. Ba wanda ya gaya masa SUM na haɗawa har da layukan da filta ya ɓoye, SUBTOTAL ne ke ƙirga na bayyane kaɗai. Sai ya shigo taro da jimlar da ta ninka ta kowa, yana kallon mutane da tausayi. Kada a raina shi, yana da 'yan'uwa a manyan wurare. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona sun zube daga rahotonta, saboda an yi amfani da tsohon tsarin fayil na Excel da ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536.

Baƙuwa daga ofishin masu ba da tallafi ba ta da laifi sai na kwanan wata. Kwamfutarta ta Amurka ce, wata take sawa kafin rana. Ta rubuta 04/03 tana nufin 3 ga Afrilu, mu mu karanta 4 ga Maris, a yi rabin awa ana musu cikin ladabi da murmushi.

Amma wanda ke da iko na haƙiƙa a kan kowane filta ba ya zuwa taro, ba a ma san fuskarsa ba. Shi ne Mai Shigar Da Bayanai, yana can wani ɗaki da fanka mai ƙara da tulin fom. Yau ya rubuta Dawakin Kudu, gobe D/Kudu, jibi Dawakin kudu da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani amma kwamfuta na gani. Kowanne a wurin na'ura gari ne mai zaman kansa. Jihar Kano da tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi 44, ka buɗe filta ka tarar ya ƙirƙiro mata wasu ba tare da an je majalisa ba. T/Wada kuwa sai Allah, don kusan kowane babban gari a Arewa yana da tasa. Ko da hannunsa bai kuskure ba, ƙasar da kanta ta ɗana tarko: cikin ƙananan hukumomi 774 akwai masu suna ɗaya. Nasarawa tana Kano tana kuma Jihar Nasarawa, Bassa tana Filato tana Kogi, Obi tana Binuwai tana Nasarawa, Surulere tana Legas tana Oyo. Wanda ya gina filta a kan suna maimakon lambar shaida ya ɗaura wa garuruwa biyu aure ba da saninsu ba. A can ƙasan jerin kuma akwai zaɓin da ba shi da suna, matattarar duk fom ɗin da aka bar gurbinsa fayau. Wani lokaci ya fi kowace ƙaramar hukuma yawan jama'a.

Shi kansa mai haɗa shafin ba waliyyi ba ne. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya dawo ya jera madanni ashirin a shafi ɗaya, ya manta kowannensu sai ya aika tambayarsa ga rumbun bayanai kafin shafin ya buɗe. A kwamfutarsa ta ofis abin kamar ƙiftawar ido. Jami'in da ke ƙaramar hukuma da waya da datar ɗari biyar yana nan yana kallon da'ira na juyawa.

Ranar taron wata-wata duk suke haɗuwa. Mai Neman Kore ya miƙe ya ce kashi 91. Ɗan Excel ya ce ina, nasa lissafin ya ba shi 140. Sarkin Mantuwa ya leƙa kwamfutarsa ya ce shi 38 yake gani, kuma shafi ɗaya duk suka buɗe. Ɗan Boko ya ɗaga hannu, aka yi kamar ba a gan shi ba. A ƙarshen tebur akwai dattijon da ya riƙe rajistar ofishin tun ana rubutawa da biro, bai taɓa danna filta ba. Aka ce, "Baba, kai me ka gani?" Ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, abin ba zai wuce sittin da 'yan kai ba. Oga ya dubi agogo, ya ga azahar ta gabato, ya juya wurin sakatare.

"Rubuta cewa an samu ci gaba. Kai kuma Injiniya, kafin taro mai zuwa a ƙara mana filta na kwata-kwatan shekara."