Yadda Kanada Ta Warware Mini Aure

Tumatir ne ya kore ni. Shekarar da ya yi albarka, sai ka kai kwando Kwanar Gafan kuɗinsa ya kasa biyan motar da ta ɗauko shi. Shekarar da ya yi tsada kuwa, tsutsar sharon ta riga ka cinyewa, kamar yadda ta yi mana a 2016. Ruwan Tiga bai fasa zuwa Kadawa ba, aljihu ne ya ƙi jiƙa. Ga digirin aikin gona kwance a ƙasan akwati, ga wani abokina a Ontariyo yana ta zuga ni cewa can a ɗakin gilashi ake noman tumatir, ba ruwanka da dillali. Sai na ɗaura niyyar neman izinin zama na dindindin a Kanada, ni da iyalina.

Jarrabawar Turanci ta wuce lafiya. Aurena, wanda ko a mafarki ban taɓa shakkarsa ba, shi ya tsaya mini a wuya.

Mutumin da ke taya ni cike takardu a Kano ya tambaye ni inda nake lokacin da aka ɗaura. Na ce ina gidan abokin ango mun sha shadda, Baffana ne ya karɓa mini. Amarya fa? Na ce tana ƙuryar ɗakin gwaggonta a lulluɓe tana kuka, kamar kowace 'yar mutunci. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce tun 2015 Kanada ta daina karɓar auren da aka ɗaura ta wakilci ko ta waya, sai wanda ango da amarya suka halarta da jikinsu. "Ku kuwa, Malam, ku biyun duk ba kwa wurin."

Na lissafa masa sadaki lakadan, da goro, da alawa, da jama'ar da ta cika masallaci har titi, da maroƙin da ya shaƙe don shela, da 'ya'ya uku. Ya ce duk ya yarda, in kwantar da hankalina, akwai ƙofa. Mace da namijin da suka zauna tare wata 12 a jere ba tare da aure ba, Kanada tana ɗaukarsu iyali. Akwai ma takardarsu, IMM 5409, sai mu sa hannu gaban mai ɗaukar rantsuwa.

Na ce, "Zaman dadiro fa kenan?"

Ya ce, "A rubuce ne kawai."

A rubuce, a jihar da ke da Hisba! Amma mai nema ba ya fushi. Na karɓo jerin hujjojin da ake so na kamo hanyar Zariya zuwa gida.

Suna son takardar haya mai sunanmu mu biyu, alhali gidan gado muke ciki. Takardar kuɗin wuta har yau sunan kakana take ɗauke da shi, shi kuwa ya rasu tun zamanin Abacha. Da na ambaci asusun banki na haɗin gwiwa, uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce dukiyarta tana adashe da tumaki, kuma ba ta haukace ba da za ta gama jaka da manomin tumatir. Muka zazzage hotunan gidan kaf, guda ɗaya muka samu da muke ciki tare: ranar suna, ina wannan gefe, tana can baya cikin mata, ragon suna a tsakiya ya fi mu fitowa. Na buɗe waya neman saƙonnin da za su nuna shaƙuwa. "A taho da Maggi." "Gawayi ya ƙare." "Kana ina?" Ko sau ɗaya ba ta rubuta sunana ba, don ba ta taɓa faɗarsa ba. Ni ma a wayata "Gida" na sa mata.

Saura wasiƙar dangi masu shaida. Na cire takalmi a zauren surukina na tsuguna. "Baba, wata 'yar takarda ce ake so ka sa wa hannu." Da a ce ya dangwala kawai, da an wuce wurin. Sai ya kira autansa ɗan sakandare ya karanta, yaron kuwa ya fassara tiryan-tiryan, har da ɗaga murya.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce, "Buhunan shinkafar Kura da na kai gara, na dadiro ne?"

Aka aika a kira liman. Na kawo shawarar a sake ɗaurawa, wannan karon mu zauna a sahun gaba ni da ita, a ɗauki hoto. Liman ya ce shi ya ɗaura na farko da bakinsa, igiya uku na nan daram, ba a ɗaura aure a kan aure, kuma duk wanda ya rantse cewa babu shi ya nemi wani ya ja masa salla. Kafin magariba labari ya kai teburin mai shayi. Yanzu daga Chiromawa har Yadakwari ba mai kirana sai da "Ango".

Uwargida ce kaɗai ta ga riba a lamarin. Ta ce tunda manyan ƙasashe sun duba sun ce ba aure, ita ba za ta yi musu da masu ilimi ba, a faro daga tushe. Ta rubuta lefe: akwati shida, atamfa Super, leshi, da sarƙar da aka ce za a cika mata tun wancan karon. Ta kuma dakatar da tuwon dare har sai ta ga kamun ludayina.

Jiya bayan isha na yi wanka na fesa turare, na tsaya a zauren gidana, na ba babban ɗana naira ɗari ya shiga ya ce ana sallama da Umma. Ya dawo ya ce wai tana aiki, in dawo jibi, kuma kada in zo hannu rabbana, don akwai wani mai shinkafa daga Bunkure da ya riga ni aikowa.