Ranar da Aka Karrama Koci

A kan hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Rimin Gado, ta ratsa ƙasar Kabo ta shiga Gwarzo, ta zarce Dayi, akwai wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kada mutanen Garo su ce da su nake, na Getso su ce ai maƙwabta ne. Garin yana da sakandaren maza guda ɗaya. Makarantar ta taɓa yin wani malamin wasanni wanda sunansa na yanka ya ɓace a bakin jama'a, yaro da babba Koci suke ce masa, har surukansa.

Daga kwalejin horon malamai ta Wudil ya fito, aka turo shi garin a daidai lokacin da yaran shirin ilimin firamare kyauta na 1976 suka fara cika sakandare. Abin da ya tarar a bayan ajujuwa daji ne na sabara da ƙarangiya. Shi da ɗalibai suka sassabe shi, suka tumɓuke kututture, suka cike ramukan gafiya, ya auna tsawo da faɗi da takunsa. Turakun gola na itacen turare ne, layi kuma da toka ake ja, kowane ɗan wasa ya zo da kwano guda daga murhun uwarsa. Raga kuwa wani masunci ne daga dam ɗin Guzuguzu ya ba su tsohon taru, aka yanka shi biyu.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Wanda ya faɗi lissafi ko Turanci ba ya taɓa tamaula sai ya gyara, ko da kuwa shi ne mai cin ƙwallo. Ana idar da la'asar a fara atisaye, ladan na gyaran murya don magariba ya busa usur. Da damina, in uban wani ya ce ɗansa gona za shi, Koci ba ya jayayya. Ranar Asabar sai ya kwashi 'yan wasa duka da fartanyoyi su yi wa dattijon gayya, kafin azahar an gama noman, sannan ya durƙusa ya ce, "Baba, a ara mana golanmu." Ba a taɓa hana shi ba.

Haka suka riƙa cin kofin makarantun shiyya har aka gaji da ƙirgawa. A bayan a-kori-kura suke tafiya wasa, da jarkar ruwa da buhun rake. An taɓa ɗaukar yaransa a cikin tawagar jiha a gasar Ramat, wadda ake yi wa matasa a Kano don tunawa da marigayi Murtala. Bayan da aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars a 1990, wani ɗalibinsa ya je gwaji a birni, ya dawo da jesi guda da labarin da ya ishi garin hira har kaka.

Masu cewa boko da ƙwallo ba sa shan inuwa ɗaya, su tambayi mutanen Legas labarin kwalejin St. Finbarr's da ke Akoka, wadda Fada Slattery ɗan ƙasar Ailan ya kafa a 1956. Daga filinta Stephen Keshi da Henry Nwosu da Samson Siasia suka fito, Keshi ya ɗauki kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗauka yana koci a 2013. Namu Kocin bai fitar da Keshi ba. Abin da ya fitar, a ganina, ya fi kofunan da ke ofishin firinsifal yawa: yaran da da sun gudu tasha ko ci-rani, amma suka zauna har aji na ƙarshe saboda tsoron a cire su daga tim. Cikinsu akwai malamai, da 'yan sanda, da ma'aikatan jinya. Golan nan da aka yi wa ubansa gayya ya zama Honorabul. Mai buga lamba tara ya zama ɗan kwangila. Kyaftin ya zama safiyo a ofishin filaye, wato mai awon ƙasa, aikin da ya fara gani a takun Koci.

Shekarar da Koci ya yi ritaya aka gano cewa makaranta tana buƙatar kuɗin shiga. Aka yanki gefen filin da ke kallon titi aka jera shaguna goma sha biyu, aka ce kuɗin hayar na alli ne da gyaran rufi. Rufin yana nan yana yoyo. Bayan shekara biyu aka ga cewa shagunan suna buƙatar wurin ajiye motoci. Daga nan aka tuna cewa gari ya bunƙasa, masu hidima wa al'umma ba su da matsuguni, sai aka fitar da fulotai daga turken gabas zuwa tsakiyar fili. Safiyo ya auna, ɗan kwangila ya gina, Honorabul ya yanka zare. Ba wanda ya yi sata, kowace takarda da hatiminta.

To, ana nan sai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ga bai kamata a bar Malam haka ba, a karrama shi tun yana da rai. Aka kafa rumfa a ɗan abin da ya rage na filin, ta kuwa cinye shi tsaf, kujerun baya ma sai da suka jingina da katangar wani. Aka ɗauko Koci a mota mai sanyi, wanda rabonsa da shiga irinta tun ranar da ya je birni bin sawun garatutinsa, wanda har ranar bai fito ba.

Babban baƙo mai jawabi wani tsohon ɗalibi ne, likita a Amurka. Ya ba da labarin Nick Saban, kocin jami'ar Alabama a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a ruga da ita. Ya ce mutumin ya ci kofin jami'o'in ƙasar sau bakwai, shida a Alabama, ɗaya a jami'ar jihar Luwiziyana a 2003. Albashinsa ya haura dala miliyan 10 a shekara. Da ya yi ritaya a Janairun 2024, shekarar ba ta ƙare ba sai da jami'ar ta sa wa filin wasanta sunansa, a cikin sitadiyam mai cin mutum kusan 100,000. Likita ya yi maganarsa da zuciya ɗaya, don ya daɗe rabonsa da gida, ya ɗauka an kafa rumfar a farfajiya ne don kada a tattake ciyawar filin.

Honorabul ya miƙe, babbar riga na kwasar ƙasa. Ya ce mu ma ba a bar mu a baya ba, daga yau filin wasan wannan makaranta sunan Malam zai ci. Tafi ya kaure. Safiyo ya matso ya raɗa masa wata magana a kunne. Honorabul ya yi gyaran murya, ya ce bisa shawarar masana, sunan zai fi fitowa a jikin fulazar shagunan nan, tunda ita ke bakin titi, duk mai zuwa Gwarzo zai gani. Aka sake tafi. Ya kuma sanar da gasar kofinsa ta matasa, jesi da hotonsa a ƙirji, ya yi alkawarin nan da shekara biyar garin zai fitar da Ahmed Musa goma. (Ahmed Musan da ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Holan a 2010, ai ba a barandar shago ya koyi gudu ba. Amma zaɓe ya matso, ba lokacin irin wannan tambaya ba ne.) Aka miƙa wa Koci allon yabo da agogon bango.

Ya karɓi lasifika hannunsa na rawa. Ya yi salati, ya yi godiya, ya sa wa kowa albarka. Sannan ya ce, "'Ya'yana, na yi shekara talatin da wani abu a filin nan. An ci mu, mun ci. Ƙwallon da baƙi suka zura mana ban taɓa kwana da ita a rai ba, don abin da ya kawo su ke nan. Wadda take hana ni barci har yau ita ce ta cin gida."

Wuri ya ɗauki dariya. Ɗan kwangila ya ɗaga hannu ya ce, "Wallahi Malam ba ni ba ne, ni a gaba nake bugawa." Safiyo ya ce in dai wasan ƙarshen nan ne da aka yi da hadari, lamba biyar ne, kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Honorabul ya ce shi dai gola ne, abin da ya zo masa ta baya ba laifinsa ba ne. Aka shiga musu, kowa na kawo shekara da shaida, har mai gabatarwa ya roƙi a yi shiru.

Koci ya juya wajen Honorabul ya ce, "Ranka ya daɗe, Gola, wannan kofi naka a ina za a buga shi? Ina so in zo kallo."

Honorabul ya dubi safiyo, safiyo ya dubi takardar shirin taro. Mai gabatarwa ya ce lokaci ya ja, liman ya taimaka da addu'ar rufewa.

An dai buga gasar. Bayan an girbe dawa aka yi hayar gonar wani a bayan gari, yara suka kwashe kara, suka bar tushiya don babu lokacin tonewa. Tim goma sha shida suka shiga, uku suka janye saboda sartse da targaɗe. Koci yana zuwa kullum da kujerarsa ta roba, wani lokaci in rafali bai zo ba shi ke busawa. Ana saura wasan kusa da na ƙarshe mai gona ya fara kai taki, ya ce shekara ba ta jiran tamaula. Kofin yana ofishin Honorabul a cikin ledarsa, an ce za a ƙarasa in Allah ya kai mu kakar baɗi.